Makaɗan Hallé: Tarihin Ƙungiyar da Birnin Manchesta Ya Riƙa

Duk wanda ya yi nazarin tarihin ciniki a ƙarni na 19, lalle ne ya ci karo da sunan Manchesta, birnin nan da ke arewa maso yammacin Ingila, wanda a farkon al'amarinsa bai wuce matsakaicin gari na masaƙa da 'yan kasuwa ba, amma da mutanensa suka gano hikimar kaɗi da saƙa da injin tururi, sai aka wayi gari ya zama cibiyar cinikin tufafi ta duniya baki ɗaya. Auduga tana sauka a tashar jiragen ruwa ta Libaful, mafi yawanta daga gonakin kudancin ƙasar Amurka inda bayi baƙar fata ke nomanta cikin ƙunci, a kawo ta Manchesta da garuruwan kewaye a kaɗa, a saƙa, a rina, sa'an nan a watsa ta ko'ina. Har Baturen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasar Hausa da suna Abdulkarimu, sa'ad da ya shiga kasuwar Kano a shekarar 1851, zamanin Sarki Usman ɗan Dabo, ya tarar da akoko da alawayyo da yadi mai zane na Manchesta a cikin hajar da fatake suka ratso Sahara da ita. To, a cikin wannan birni na hayaƙi da rugugin injuna aka kafa wata ƙungiyar makaɗa wadda ta ga yaƙin duniya biyu, ta ga mutuwar masaƙun da suka yi wa garin arziki, amma har yau, bayan shekara fiye da 160, tana nan tana aikinta. Ita ce ake kira Hallé, da sunan mutumin da ya kafa ta.

Kafin a shiga labarinta, ya kamata a bayyana ko wace irin ƙungiya ce, domin ba a gane nauyin riƙonta sai an san girmanta. Abin da Turawa ke kira okestira taron makaɗa ne, kimanin 80 ko fiye, waɗanda ke zama a dandali guda, an kasa su kashi huɗu. Kashi na farko, wanda ya ɗara rabin taron, masu goge ne, tun daga ƙaramin gogen da ake ɗorawa a kafaɗa har zuwa ƙaton da ake kafawa a ƙasa, wanda tsawonsa ya kai na mutum. Na biyu masu busa sarewa da dangogin algaita. Na uku masu busa ƙahonin tagulla. Na huɗu kuwa masu tambura da ganguna da kuge. Kiɗansu rubutacce ne, kowane makaɗi da takardarsa a gabansa, jagora kuma yana tsaye da 'yar siririyar sanda da cikakken littafin da ya tara rabon kowa, shi ke ƙayyade sauri da nawa, da ƙarfi da taushi, da inda wannan zai shiga wancan ya dakata. Mafi girman abin da suke kaɗawa shi ne simfoni, wato dogon kiɗa mai babi huɗu wanda galibi babu waƙa a cikinsa, da kan ci rabin sa'a har zuwa sa'a guda ko fiye. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan makaɗa ya share shekaru yana ɗalibta tun yana yaro, ba shi da wata sana'a da ta wuce wannan, kuma ko da dukansu gwanaye ne, kiɗansu ba ya haɗuwa ya zama murya guda sai sun daɗe suna zama tare suna bita. Saboda haka duk garin da ke son irin wannan ƙungiya, wajibi ne ya ciyar da gidaje 80, damina da rani.

A ƙasashen Turai, tun asali, sarakuna da manyan hakimai da majami'u su ne ke ɗaukar wannan nauyi. Shahararren mai tsara kiɗan nan Haydn ya yi kusan shekara 30 yana hidima a gidan sarautar Esterházy, yana jagorancin makaɗan ubangidansa, yana tsara abin da aka umurce shi; haka nan tsofaffin ƙungiyoyin Dresden da Balin da Biyana duk a inuwar fada suka girma. Al'amarin ya yi kama da abin da muka sani na makaɗan fada a ƙasar Hausa, masu tambari da kakaki da algaita, waɗanda ci da sha da suturarsu ke wuyan sarki, darajarsu kuma ke tashi da faɗuwa tare da tasa. Amma Manchesta ba ta da fada, ko matsayin birni ma ba a ba ta a hukumance ba sai a 1853. Abin da take da shi attajirai ne masu lissafin riba da hasara, waɗanda wasunsu Jamusawa ne da cinikin auduga ya kawo, da kuma dubban ma'aikata masu sammakon zuwa masaƙa. Saboda haka tarihin Hallé, daga farkonsa har ƙarshe, neman amsar mas'ala guda ne, wato a garin da babu sarki, wane ne zai zama ubangidan makaɗa.

Wanda ya fara ɗaukar wannan nauyi baƙo ne. An haifi Charles Hallé a garin Hagen na ƙasar Jamus a shekarar 1819, mahaifinsa makaɗin majami'a ne, ya tashi da baiwar kaɗa fiyano tun yana ƙarami, a 1836 kuma ya tafi Faris, inda ya zauna shekara 12 yana cuɗanya da manyan ma'abota wannan fanni irin su Chopin da Liszt da Berlioz. Da juyin mulkin 1848 ya ɓarke aka tumɓuke Sarki Louis-Philippe, masu hali suka watse, ɗalibansa suka ɗauke ƙafa, sai ya kwashi iyalinsa ya ƙetara zuwa Landan. A can ne wani ɗan kasuwa mai sana'ar buga zane a yadi, Hermann Leo, ya gayyace shi zuwa Manchesta. Ya tarar da wata tsohuwar ƙungiya ta masu hali, wadda ba kowa ke shiga zamanta ba sai wanda ya biya kuɗin shekara, makaɗanta kuma ba su kama ƙafar waɗanda ya saba ji a Faris ba. Aka damƙa masa ita, ya yi shekaru yana gyara, yana sauya raunana da gwanaye, yana jiran ranar da zai sami abin da ya fi wannan.

Ranar ta zo a 1857, sa'ad da attajiran birnin suka shirya gagarumin baje kolin zane-zane da kayan fasaha a unguwar Old Trafford, domin su nuna wa mutanen Landan cewa iyawarsu ba ta tsaya ga tara dukiya ba. An tara abubuwa kimanin 16,000, mijin sarauniya, Yarima Albert, ya buɗe taron a watan Mayu, Sarauniya Victoria da kanta ta kawo ziyara, kuma kafin a rufe a watan Oktoba mutum fiye da 1,300,000 sun shiga kallo. Aka ɗora wa Hallé haɗa makaɗan da za su riƙa kiɗa a wurin, ya nemo gwanaye daga Landan da ƙasashen ƙetare ya ƙara a kan na gida. Da baje kolin ya ƙare, abin da ya rage shi ne kowa ya kama gabansa. Amma Hallé ya hango cewa muddin waɗannan mutane suka watse, Allah kaɗai ya san ranar da za a sake tara irinsu a arewacin Ingila, sai ya ƙudura niyyar riƙe su da aljihunsa, in riba tasa, in hasara tasa. Ran 30 ga Janairu 1858 ya tsaya a gaban makaɗa kimanin 60 a babban zauren da ake kira Free Trade Hall, ya buɗe zaman kiɗa na farko. Shi kansa zauren yana da tarihi a zukatan mutanen garin, domin an gina shi ne a filin da sojojin doki suka afka wa taron talakawa masu neman haƙƙin zaɓe a watan Agusta 1819, suka kashe fiye da mutum goma suka raunata ɗaruruwa, an kuma ba shi sunansa don tunawa da gwagwarmayar soke harajin hatsi wanda ke sa abincin talaka ya yi tsada.

Da aka kammala zangon farko na zama 30 aka yi lissafi, ribar da ta rage bayan an biya kowa haƙƙinsa sule biyu da sisi ce, an kuma ruwaito cewa wakilinsa ya kawo masa ita taro-taro guda goma, ya raba wa iyalinsa. Mai gajeren haƙuri da nan zai tsaya, amma Hallé ya riga ya gano inda dogon arzikin ƙungiyarsa yake, wato a kujerun sule guda da ya keɓe a bayan zaure. Attajiri yana biya da tsada ya zauna a gaba, akawu da malamin makaranta da ma'aikacin masaƙa su shiga da sulensu, kuma abin da kunnen na gaba ya ji shi kunnen na baya zai ji, ba ragi. Bai taɓa ɗaukar cewa mai sule ba zai fahimci babban kiɗa ba. Yakan dai cakuɗa mai sauƙi da mai nauyi, sannu a hankali, har mutanen garin suka saba da ayyukan Beethoven, daren Alhamis kuma ya zama daren Hallé a al'adar Manchesta. Tun a shekarar farko ya kafa ƙungiyar mawaƙa ta mutanen gari masu sa kai, domin manyan ayyukan da ke buƙatar muryoyi, a 1880 kuma ya gabatar da cikakken aikin abokinsa Berlioz a kan ƙissar Faust, karo na farko a Ingila. Jirgin ƙasa ya ba shi ikon kai makaɗansa Bradford da Leeds da Sheffield, har Edinburgh, ta haka ƙungiyar ta zama ta lardin arewa duka. An ba shi lambar girma ta Sir a 1888, a 1893 kuma ya kafa kwalejin koyar da kiɗa ta Manchesta ya zama shugabanta na farko, domin ya san ƙungiyar da kullum sai ta nemo makaɗa daga ƙetare ba ta da saiwa a ƙasa.

Ran 25 ga Oktoba 1895 ajali ya riske shi bagatatan, ana gab da buɗe sabon zango, bayan ya yi shekara 37 yana jagoranci. Nan ne jarrabawa ta farko ta zo, domin har wannan lokaci ƙungiyar mallakar mutum guda ce, babu wata jam'iyya ko doka da ta tsaya mata, kuma abin da aka saba gani shi ne irin wannan aiki ya bi mai shi kabari. Sai mutum uku daga cikin manyan garin, Gustav Behrens da Henry Simon da James Forsyth, suka tsaya lamuni, suka ce a ci gaba, duk hasarar da ta auku tana wuyansu. Frederic Cowen ya riƙe jagoranci na ɗan lokaci, a 1899 kuma aka kafa jam'iyya mai rajista wadda ta gaji ƙungiyar, membobinta mutanen gari ne da kowannensu ya yi alkawarin biyan wani adadi idan kuɗi suka gaza. A ganina wannan ita ce shekara mafi muhimmanci a tarihin Hallé, domin a cikinta ne abin da ya kasance sana'ar mutum ɗaya ya koma amana a hannun jama'a, wadda wani zamani ke miƙa wa wani.

Jam'iyyar ta fara aikinta da babbar himma, ta ɗauko Hans Richter daga Biyana, mutumin da ya jagoranci gabatar da babban aikin mai tsara kiɗan nan Wagner mai kashi huɗu a garin Bayreuth a 1876, wanda kuma a lokacin babu jagoran da ya fi shi ƙima a Turai. Ya zauna daga 1899 zuwa 1911. A hannunsa ne, ran 3 ga Disamba 1908, aka fara kaɗa simfonin farko na mai tsara kiɗan Ingila, Edward Elgar, wanda mai shi ya sadaukar ga Richter. Ya karɓu karɓuwar da ba a taɓa ganin irinta ga aikin Ba'ingile ba, har aka kaɗa shi kusan sau 100 a ƙasashe dabam-dabam cikin ɗan abin da ya wuce shekara guda, kuma mutanen Manchesta suna alfahari da cewa su suka riga Landan ji. Sai dai a ƙarshen zamaninsa an yi ta ƙorafin cewa ya tsaya ga ayyukan Jamusawa, ya juya wa sababbin ayyukan Faransa da Rasha baya, wanda ya nuna cewa masu sauraro sun kai matsayin da suke da ra'ayin kansu.

Yaƙin 1914 ya yanke igiyar da ta haɗa ƙungiyar da Jamus. Magajin Richter, Michael Balling, yaƙin ya same shi a ƙasarsu, bai komo ba, sai Thomas Beecham, ɗan wani hamshaƙin mai haɗa magunguna na lardin Lancashire, ya tallafa da hannunsa da aljihunsa. Da maza suka tafi fagen fama aka ɗauki mata makaɗa, amma a 1920, bayan an yi sulhu, aka sallame su, abin da ya zama tabo a tarihin ƙungiyar, domin ba don gazawa aka kore su ba. A wannan shekara Hamilton Harty, mutumin Ailan, ya karɓi jagoranci, ya riƙe har 1933, kuma masana da yawa na ganin a zamaninsa babu ƙungiyar da ta fi Hallé a Ingila. A 1929 ya tara yara 250 daga makarantun firamare na birnin suka rera waƙa tare da makaɗan, aka ɗauka a faifai, faifan ya yi farin jini har aka sayar da miliyan guda a tsawon shekaru. Amma kasuwar auduga ta riga ta soma ja da baya, aljihun masu lamuni ya yi sauƙi, sai aka shiga yarjejeniya da gidan rediyon BBC a kan a riƙa tarayya a makaɗa, su yi wa rediyo aiki su yi wa Hallé; dabarar ta rage tsada, amma ta sa ƙungiyar ba ta mallaki makaɗanta ita kaɗai ba.

Jarrabawa ta biyu, wadda ta fi ta farko tsanani, ta zo da yaƙin Hitila. A watan Disamba 1940 jiragen Jamus suka yi wa Manchesta ruwan bama-bamai, Free Trade Hall ya ƙone, bai rage ba sai bangaye, makaɗan suka koma yawo tsakanin gidajen silima da wani zauren wasanni na Belle Vue. Shugabannin jam'iyyar, ƙarƙashin Philip Godlee, wanda shi ma mai masaƙa ne, suka yanke shawarar da mai tsoro ba zai yanke ba a tsakiyar yaƙi, wato su rabu da BBC, su ɗauki makaɗa aiki na dindindin da albashin shekara, su kuma nemo jagora na gaske. Suka buga wa John Barbirolli waya a Niyok. Shi haifaffen Landan ne a 1899, uba Ba'italiye uwa Bafaranshiya, kuma shi ya gaji shahararren jagoran nan Toscanini a babbar ƙungiyar Niyok, amma zuciyarsa tana ga ƙasarsa da ke cikin wahala, sai ya amsa. An ruwaito cewa a Lisbon ya yi musayar jirgi da ɗan wasan kwaikwayon nan Leslie Howard, wanda ya so ya ƙara kwanaki. Jirgin Barbirolli ya sauka lafiya, wanda Howard ya shiga daga baya kuwa aka harbo shi a kan teku, kowa da kwanansa.

Da ya iso Manchesta a farkon Yuni 1943, ya tarar cewa daga cikin makaɗan da ake tarayya da BBC huɗu kaɗai suka zaɓi zama da Hallé, saura sun bi inda albashi ya fi tabbas, alhali kuwa an riga an sa ranar kiɗa bayan wata guda, gwanayen ƙasar kuma mafi yawansu suna cikin soja. Ya shiga gari-gari yana sauraron duk wanda ya zo gwaji, ba ya tambayar shekaru ko shahada, sai dai ko hannu ya iya. Ya ɗauki matashin da bai daɗe da barin makaranta ba ya ba shi shugabancin masu sarewa, ya ɗauki malamar makaranta mai busa ƙaho, ya ɗebo masu busa tagulla daga ƙungiyoyin badujala na soja da na garuruwan ma'aikata, mata kuma suka komo da yawa, wannan karon komowa ta zama. Sa'an nan ya tsare su yana koya musu jimla-jimla, yana rubuta wa masu goge da hannunsa inda baka zai hau da inda zai sauka, domin shi kansa gwanin babban goge ne. Ran 5 ga Yuli 1943 sabuwar Hallé ta yi kiɗanta na farko a Bradford, waɗanda suka ji kuma suka shaida cewa an haifi ƙungiya.

Shekarun da suka biyo baya na wahala ne da ɗaukaka tare. Sukan yi kiɗa fiye da sau 200 a shekara, suna bin garuruwan arewa cikin sanyi da duhun yaƙi. A ƙarshen 1944 suka ƙetara zuwa Beljiyam da Holan suka yi wa sojoji kiɗa kusa da fagen daga, a 1953 kuma suka zo Afirka, suka yi wasa a Bulawayo. An sake gina Free Trade Hall aka buɗe shi a 1951. Dattijon masu tsara kiɗa na Ingila, Vaughan Williams, ya ba su amanar fara kaɗa simfoninsa na bakwai a 1953, da na takwas a 1956, wanda ya sadaukar ga Barbirolli. An sha yi wa Barbirolli tayin manyan muƙamai a Landan da albashin da ya fi na Manchesta, ya ƙi, ya zauna da ƙungiyar da ya gina shekara 27, har mutuwarsa a watan Yuli 1970. Wannan riƙon alkawari shi ya sa har yau ana ambatonsa a garin da irin ƙaunar da ake ambaton na gida.

A cikin waɗannan shekaru ne kuma ubangidan makaɗa ya sake kama. Masaƙu suna rufewa ɗaya bayan ɗaya, zuriyar attajiran auduga ta ƙare ko ta ƙaura, sai nauyin ya koma kan hukumar tallafa wa fasaha da gwamnati ta kafa a 1946, da majalisun birni da na lardi, da kamfanoni, da kuɗin shiga na masu sauraro, wato dai aljihun jama'a ta hanyoyi dabam-dabam. James Loughran ya gaji Barbirolli a 1971, Stanisław Skrowaczewski ya biyo a 1984, Kent Nagano a 1992. A watan Satumba 1996, wata uku bayan bam ɗin 'yan tawayen IRA na Ailan ya ragargaza tsakiyar birnin, ƙungiyar ta ƙaura zuwa sabon gida, Bridgewater Hall, wanda ya ci fam miliyan 42, yana ɗaukar mutum fiye da 2,300, an kuma ɗora ginin dukansa a kan maɗaukan ƙarfe masu lanƙwasa kimanin 280 domin kada girgizar jirgin cikin gari da motoci ta shiga zaure. Amma sabon gida ya zo da sabuwar tsada, bashi ya taru, a 1998 ƙungiyar ta kai bakin karyewa. Aka rage makaɗa daga 98 zuwa 80, aka rage ma'aikatan ofis, aka kai kuka ga jama'a, jama'a kuma suka amsa da gudummawar kimanin fam miliyan 2. Wannan ita ce jarrabawa ta uku, kuma waɗanda suka cece ta a wannan karo akasarinsu mutane ne da ba a san sunayensu ba.

Mark Elder ya karɓi jagoranci a shekarar 2000, ya yi shekara 24 yana gini a hankali, har ƙungiyar ta komo sahun gaba, faya-fayanta na ayyukan Elgar da Wagner, waɗanda take fitarwa da tambarin kanta tun 2003, suka ci lambobin yabo. Aikinta a yau ya fi abin da ake gani a dandali faɗi. Tana yin zaman kiɗa kimanin 70 a shekara a Bridgewater Hall, da wasu gommai a Sheffield da Bradford da Nottingham da sauran garuruwa, ta haɗa manyan simfoni da kiɗan fina-finai da na bukukuwan ƙarshen shekara, domin mai sauƙi ya taimaka wajen ɗaukar nauyin mai tsada. Tana da ƙungiyar makaɗa matasa tun 2002, da ta mawaƙa matasa, da ta yara. Makaɗanta suna shiga makarantu da gidajen tsofaffi, dubban 'yan makaranta kuma suna zuwa zaure da kayan kiɗansu su kaɗa tare da gwanaye. A 2013 ta sami wurin bita nata na kanta, wata tsohuwar majami'a ta St Peter's a unguwar Ancoats, aka gyara ta, a 2019 aka ƙara mata sabon sashe domin karatu da horo. A 2024 jagoranci ya koma hannun Kahchun Wong, haifaffen Singafo a 1986, wanda ya soma da busa ƙaho a badujalar makarantar firamare, ya kuma ci gasar jagorori ta Mahler a Bamberg a 2016.

Wanda ya bi wannan silsila, daga Hallé zuwa Richter, zuwa Harty, zuwa Barbirolli, zuwa Elder da Wong, zai iya zaton cewa tarihin na manyan jagorori ne, kuma hakika kowannensu ya bar alamarsa a muryar ƙungiyar. Amma jagororin nan kusan dukansu baƙi ne a Manchesta, sun zo sun yi zamaninsu sun wuce. Abin da bai wuce ba shi ne yardar mutanen gari cewa wannan abu nasu ne, kuma kunya ce ya mutu a hannunsu. Sau uku aka tambaye su, a 1895 da 1943 da 1998, sau uku suka amsa, kuma a kowane karo masu amsawar sun fi na baya yawa, daga mutum uku zuwa jam'iyya, daga jam'iyya zuwa dubban masu ba da abin da ya sawwaƙa. Irin wannan yarda ba ta faɗowa daga sama. Hallé ya shuka ta ranar da ya buɗe wa mai sule ƙofa, magadansa kuma suna ban ruwa duk lokacin da suka kai kiɗa wani ƙaramin gari ko suka ba ɗan makaranta goge ya riƙe. Babu shakka wata jarrabawar za ta sake zuwa, domin kiɗan mutum 80 bai taɓa biyan kuɗin kansa da kuɗin shiga kaɗai a zamanin nan ba, kuma waɗanda za a tambaya a ranar su ne yaran da ake koya wa yau. Duk al'ummar da ke son wata fasaha tata ta wuce rayuwar gwaninta, to, ta kafa mata jam'iyya da doka, ta buɗe mata makaranta, ta kuma sa talaka ya sami rabo a cikinta, domin wanda ya sami rabo shi ke tsayawa ranar da abu ya nemi faɗuwa.